Matafiyi a Kan Keke da Ƙwari Masu Cizo

Idan hutu ya zo, da yawa daga cikinmu sukan ɗaura kaya a bayan keke, su kama hanya, su kwana inda dare ya yi musu. Kowa yakan tuna da famfo da kayan faci, amma kaɗan ne ke tunawa da ƙwari. Ga abin da za mu riƙe a wannan darasi: kowane ƙwaro yana da wurinsa da lokacinsa. Wanda ya san waɗannan biyu ya sami rabin tsaro.

1. Sauro. Macen sauron da ake kira Anofilis ita ce ke kawo zazzaɓin maleriya. Wani likitan Ingila, Ronald Ross, shi ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya a 1897. Wannan sauro yana yin ƙwai a ruwan da ke kwance, yana cizo kuwa tun daga magariba har asuba. Saboda haka kada ka yi zango a bakin fadama ko kududdufi. Nemi tudu inda iska ke kaɗawa, ka sauka tun da sauran rana. Ka ɗaura gidan sauro mai magani, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, kada kuma gwiwa ko hannu su jingina da shi.

2. Tsando. Shi da rana yake cizo, cikin kurmi da inuwar bakin rafi, watau daidai inda mai keke ke son hutawa. Yana kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Ciwon barci ya ragu ƙwarai a Nijeriya, amma ƙudan yana nan. Yana bin abin da ke motsi, yana kuma son launin baƙi da shuɗi. To, ka sa tufafi masu haske, masu ɗan kauri, gama yana iya huda yadi marar kauri. In ka iso mashigi, ka haye, ka huta can gaba a fili.

3. Baƙin ƙuda. Ɗan ƙarami ne, yana hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu, kamar a kogin Hawal da kogin Taraba. Shi ma da rana yake cizo, yawanci a ƙafa. Yawan cizonsa shekara da shekaru yana kawo ƙaiƙayi da makanta. Dogon wando da safa su ne garkuwarka. Cusa bakin wandon cikin safa. Sarƙar keke ma ba za ta kama shi ba.

4. Man shafawa. Nemi wanda aka rubuta DEET a jikin kwalbarsa, mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Shafa a inda tufa ba ta rufe ba, ban da ido da baki da miki. Gumi yana wanke shi, don haka sai a sake shafawa bayan an hau tudu. Lura fa, bai cika korar tsando ba.

Abu na ƙarshe. Maleriya ba ta bayyana sai bayan kwana 7 ko fiye da cizon. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan ka komo, je asibiti ran nan a gwada jininka, ka faɗa musu inda ka bi. Kada ka dogara ga kulorokwin, gama Nijeriya ta daina sa shi a gaba tun 2005 domin ƙwayar cutar ta daina jinsa.

'Yan'uwana malamai, yaranmu suna bin rafuffukan nan kullum. Rigakafi ya fi magani.

Aiki domin aji: Ku zana taswirar hanya daga makarantarku zuwa kasuwa mafi kusa. Ku sa alama a inda kowane ƙwaro zai iya zama, sa'an nan ku zaɓi wurin zango, ku faɗi dalili.