Yadda Ake Gwada Motocin Alfarma a Ranar Tuƙi ta Kamfani

Manyan kamfanonin motoci masu gudu sun daɗe da gane cewa mutum ba ya rabuwa da maƙudan kuɗi don kawai ya ga mota tana sheƙi a ɗakin baje koli. Shi ya sa suka gina wa kansu filayen gwaji. Porsche ta buɗe nata a shekarar 2008 a gefen filin tseren Silverstone a Ingila, inda ake gasar Formula 1, kuma tana da irinsa a Leipzig da Hockenheim a Jamus, da Atlanta da Los Angeles a Amurka. Mercedes-Benz na da nata tun 2006 a Brooklands, tsohon filin tseren da aka buɗe a 1907. BMW kuwa tana da cibiya kusa da masana'antarta ta Spartanburg a Amurka. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: a ba ka mota, a zaunar maka da malamin tuƙi a gefe, a sake ka a kan kwalta mai laushi wadda babu mai tahowa ta gabanka.

Sai dai ka sa a ranka tun daga gida cewa ranar ta talla ce. An shirya komai, daga shayin safe har zuwa motar da za a fara miƙa maka makullinta, don ka fito kana jin babu wadda ba ta burge ka ba. Aikinka shi ne ka fito da amsar tambaya guda: wace mota ce ta dace da hannuna da hanyoyin da nake bi? Zan ɗauki filin Porsche na Silverstone a matsayin misali, amma matakan suna aiki a sauran wuraren.

Mataki na farko: takardu da zaɓen motoci

Kafin ka biya ko ka karɓi gayyata, tambayi abu uku. Shin suna karɓar lasisin ƙasarka, ko sai ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa? Mene ne mafi ƙarancin shekarun da suka yarda da su? Sannan, idan mota ta bugu, nawa ne kasonka kafin inshora ta ɗauki saura? Wannan na ukun yana cikin takardar da za a miƙo maka da safe kowa na gaggawar sa hannu. Ka nemi a turo maka ita tun kafin ranar, ka karanta a natse.

Wajen zaɓen motoci, kada ka ce a ba ka wadda ta fi kowace ƙarfi. Zaɓi biyu ko uku da suka bambanta a ginin jikinsu. A Porsche, 911 injinta na can baya, bayan tayoyin baya, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a baya yake. 718 Cayman injinta na tsakiya, dab da bayan kujerar direba. Taycan, wadda ta fito a 2019, lantarki ce, batirinta na shimfiɗe a ƙasa, nauyinta ya haura tan biyu, alhali 911 Carrera tana wajen kilo 1,500. Waɗannan ukun sun fi koya maka abu fiye da 911 uku masu bambancin ƙarfin doki kawai.

Ka sa takalmi mai siririn ƙasa wanda ya kama ƙafa. Silifas da takalmi mai kauri ba sa barin ka ji burki. Babbar riga ma a bar ta a masauki, hannunta zai riƙa kama giya. Kuma ka ci abinci kaɗan. Mutane da yawa ba gudun ne ke kayar da su ba, tashin zuciya ne.

Mataki na biyu: zama

Nan ne akasarin mutane ke yin gaggawa, kuma nan ne ake ɓata kwatance tun ba a tayar da inji ba. Idan zamanka a mota ta farko ya bambanta da na ta biyu, abin da za ka ɗauka halin mota ne zai kasance halin kujera.

Sauke kujera ƙasa iya yadda za ka ci gaba da ganin hanya sosai. Matso da ita har ka iya danne burki zuwa ƙarshe gwiwarka na nan a ɗan lanƙwashe. Miƙe bayan kujera tsaye fiye da yadda ka saba. Kishingiɗar nan ta 'yan gayu ba ta da wuri a nan. Sai ka jingina kafaɗunka, ka miƙa hannu: wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta rabu da kujera ba. Hannaye biyu a gefe da gefe, wajen ƙarfe tara da ƙarfe uku na agogo, kuma can za su zauna. Ƙafar hagu a kan matakinta, don da ita za ka tokare jikinka a kwana maimakon ka rataye a sitiyari.

A Ingila sitiyari a dama yake. Wanda ya saba da tuƙin Kano ko Yamai ko Kumasi zai ji faɗin motar duk ya koma hagunsa, kuma zai riƙa matsawa gefen hagu bai sani ba. Ka faɗa wa malamin tun farko, zai ba ka zagaye ɗaya ko biyu na sabo. Idan wannan zai dame ka, filayen Jamus da Amurka sitiyarinsu a hagu yake kamar na gida.

Mataki na uku: zagayen farko, a hankali

Bar motar a yanayinta na yau da kullum, kada ka taɓa maɓallin Sport tukuna. Zagayen farko na koyon hanya ne da ɗumama taya, domin taya mai sanyi ba ta kama kwalta kamar yadda ya kamata. Malamin zai nuna maka inda ake taka burki, inda ake fara karya sitiyari, da inda ake kusantar cikin kwana. Zai kuma yi ta maimaita maka magana ɗaya har ka gaji: ɗaga ido, dubi inda kake son zuwa. Gaskiyarsa ce. Hannu ido yake bi, wanda ya ƙura wa shinge ido shinge zai nufa.

A wannan tafiyar ta sannu ka lura da abubuwan da gudu zai ɓoye maka daga baya: nauyin sitiyari, yadda giya ke sauyawa a ƙaramin gudu, ko kana ganin gefen bonet, da ƙarar taya a cikin mota.

Mataki na huɗu: burki kafin totur

Kowa na ɗokin gwajin tashi. A motocin Porsche masu giyar PDK da tsarin Sport Chrono, za ka danne burki da ƙafar hagu, ka danne totur har ƙasa da ta dama, sai ka saki burkin. 911 Carrera ta yanzu, mai ƙarfin doki 394, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Taycan kuwa ba ta da wani kuka, sai dai ka ji ƙeyarka ta manne da kujera. Abin akwai daɗi, ka yi shi, amma kusan babu abin da yake koyarwa. Kwamfuta ce ke yin aikin, kuma alƙaluman suna cikin takardar talla tun kafin ka zo.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na tsayawar gaggawa. Ka kai gudun da malami ya ce, ka taka burki da dukkan ƙarfinka lokaci guda, kada ka sassauta ko da ka ji feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Na'urar ABS ce ke hana tayoyi kullewa. Yawancin direbobi ba su taɓa taka burki iya ƙarfinsa ba a rayuwarsu, don haka karon farko za ka yi masa da sauƙi, malamin ya ce a sake. Irin waɗannan motoci suna tsayawa daga kilomita 100 cikin ƙasa da mita 35 a busasshiyar kwalta. Ka tuna kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi.

Abin lura a nan ba mitocin ba ne kaɗai. Hancin motar ya nutse ƙasa sosai? Bayanta ya yi rawa? 911 tana tsayawa a daidaice saboda nauyin da ke baya yana sa tayoyin baya su yi aiki sosai. A Taycan, injinan lantarki ne ke fara rage gudu suna mayar da wuta cikin batir kafin faifan burki ya kama, don haka ka saurara da ƙafarka ko za ka ji inda ɗaya ya miƙa wa ɗaya. Idan aka ba ka mota mai burkin yumɓu da kabon, wanda Porsche ta saba yi wa fenti ruwan ɗorawa, ka sani amfaninsa na fitowa ne bayan an yi ta taka shi ya yi zafi. Ga mai zuwa ofis da dawowa, a ganina, kuɗin da ba dole ba ne, kuma ranar sauya faifan sai an dafe ƙirji.

Mataki na biyar: wurin santsi

Wannan shi ne zuciyar ranar, kuma ba a gudu a cikinsa. Silverstone na da wani faranti a ƙasa wanda, da zarar tayoyin gaba sun wuce, yake fizge bayan motar hagu ko dama, ba ka san wanne ba, ya jefa ka kan jiƙaƙƙen fili mai sulɓi. Akwai kuma gangare mai santsi da ruwa ke fesowa, da wata hanya mai kwanoni da aka goge don taya ta riƙa zamewa.

Zamewa iri biyu ce. Ko dai ka karya sitiyari gaban motar ya ƙi bi, ya ci gaba da tafiya miƙe. Maganinsa ka sassauta totur, ka rage karyar sitiyarin, ka jira tayoyin gaba su kama. Ko kuma bayan motar ya fita yana neman ya riga gaba. A nan sai ka juya sitiyari da sauri zuwa ɓangaren da bayan ya tafi, idonka na kan inda kake son zuwa, sannan ka mayar da shi da zarar ta fara dawowa. Mayarwar ce ke kayar da mutane. Sun kama zamewar farko, sun yi jinkiri, sai motar ta wulwula ta ɗaya gefen.

A nan ginin kowace mota ke bayyana. Cayman tana juyawa a kan tsakiyarta, da sauƙin shiga kwana, amma idan ta kuɓuce tana kuɓucewa da sauri. 911 kuwa kamar ka ɗora buhun hatsi a can ƙarshen amalanke ne: yana danne tayoyin baya su kama ƙasa wajen fita kwana, amma in ya fara lilo sai ka yi da gaske. Taycan tana zama daram saboda nauyinta na ƙasa, sai dai a kwanoni masu bin juna za ka ji tan biyun nan. Ka nemi malami ya bar ka ka gwada da na'urar daidaita mota a kunne, sannan, in ya yarda, a kashe. Kada ka kashe ta da kanka. Bambancin zai nuna maka nawa ne ƙwarewarka, nawa ne na kwamfuta, kuma amsar ba ta cika faranta rai ba.

Mataki na shida: rubutu da sauya mota

Kafin ka tsaya, yi zagaye ɗaya a hankali don burki ya huce. Da ka fito, kafin ka shiga hira da kowa, rubuta layi biyar: zama, sitiyari, burki, kwana, da abu ɗaya da bai yi maka ba. Dole ka samo wannan na ƙarshen, ko da motar ta tafi da hankalinka.

Akwai wata yaudara da ke kama kusan kowa. Mota ta biyu kan fi daɗi, ta uku ta fi ta biyu, saboda kai ne ka ƙara sanin hanya, tsoronka ya ragu. Don haka idan lokaci ya bari, ka roƙi a mayar da kai motar farko ko da zagaye biyu ne. Sau da yawa hukunci kan sauya. Ka kuma tabbatar kwatancen na adalci ne: yanayin tuƙi ɗaya, hanya ɗaya, sannan ka duba girman rim da irin tayar kowace, ka tambayi ƙarin kayan da aka saka mata. Motocin gwaji kan zo cike da ƙari masu tsada, kamar tayoyin baya masu juyawa tare da sitiyari, waɗanda ba sa cikin farashin da ka gani. Haka za ka yi idan wata rana ka je gwada BMW M4 ko Mercedes-AMG GT, masu inji a gaba: takardar nan ta layi biyar ita za ta haɗa maka ranakun biyu.

Mataki na bakwai: tambayoyin da filin ba ya amsawa

Kwaltar Silverstone ba ta da rami, ba ta da tudun rage gudu, ba ta da ƙurar hunturu. In motar ƙasar Hausa za ta zo, ka zauna da ma'aikacin kamfani ka yi tambayoyi marasa daɗi. Nawa ne tsayinta daga ƙasa? 911 na da zaɓin na'urar ɗaga hanci da kusan milimita 40, kuma ga mai shiga lungu ko hawa kwalbatin ƙofar gida wannan ya fi ƙarin doki hamsin amfani. Wane fetur take so? An tsara ta ne don mai lamba 98, sai ka binciki abin da gidan man unguwarku ke sayarwa. Ba ta da safayar taya, sai ruwan liƙi da ɗan famfo, kuma tayoyin gaba da na baya girmansu ba ɗaya ba ne. Taycan kuma tana buƙatar wuta tsayayya a gida. Sai ka tambayi ina garejin da ke da kwamfutar duba ta mafi kusa da kai, ko garantin zai bi motar idan ta bar ƙasar da aka saye ta, da kuma ko za a iya yi maka odar mai sitiyari a hagu.

Idan an kawo takardar oda a wurin shan shayin yamma, ka yi godiya, ka ce za ka waiwaye su. Nemi dila ya ba ka wadda ta fi kwanta maka ka tuƙa a titin gari, cikin cunkoso, da wanda zai riƙa zama a kujerar gefe, ka gwada fakin da ita da baya, sannan ka buɗe takardarka ta layi biyar ka sake karantawa bayan kwana biyu.