Yadda Ake Sa wa Asusun Jami'a Makulli na Biyu

Na yi shekara da shekaru ina buɗe wa ɗalibai da malamai asusun da aka yi musu kutse, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: kalmar sirrin ranar haihuwa ce, ko lambar rajista. Ko da mai ƙarfi ce, shafin bogi ɗaya ya isa ya kwashe ta. Shi ya sa ake ƙara makulli na biyu.

Idan imel ɗin makarantarku na Outlook ne, sauke Microsoft Authenticator. Idan na Gmail ne, Google Authenticator. Duk kyauta ne. Shiga asusunka ta kwamfuta, je sashen tsaro, kunna tantancewa mai mataki biyu, ka haska hoton QR da wayarka. Daga nan manhajar za ta riƙa ba ka lambobi shida masu sauyawa duk daƙiƙa 30.

Masu cewa ka zaɓi saƙon tes don ya fi sauƙi, rabu da su. Ran da sabis ya ɗauke, ko ɓarawo ya yi wa layinka welkom-bak, za ka gane kurenka. Manhajar ba ta buƙatar data ko sabis, da agogon waya take lissafi. Don haka in lambar ta ƙi shiga, kada ka zargi kowa, duba agogonka, ka bar shi ya riƙa saita kansa.

To, ga inda jama'a ke faɗawa rami. Google na ba da lambobin ajiya guda 10, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su da biro a takarda, ka adana tare da takardun makarantarka. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari cikin wayar da kake tsoron ɓacewarta! Wani malami ya yi haka, aka zare masa wayar a Keke Napep ana saura kwana biyu a rufe shigar da sakamakon jarrabawa. Waya ta tafi, lambobi sun tafi, muka kwana uku muna cike-ciken takardu. A tsarin Microsoft kuwa, ka ƙara hanyar shiga ta biyu tun ranar farko. Haka in ka sayi sabuwar waya, kada ka goge tsohuwar sai ka ga manhajar tana aiki a sabuwar.

Mai hali ya sayi na'urar makullin tsaro ta YubiKey, ni shi na fi yarda da shi, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

In wayarka ta nemi ka amince da shiga alhali ba kai ke shiga ba, ƙi amincewa, ka canza kalmar sirri nan take. Da nacin turo irin wannan buƙatar amincewa aka kutsa kamfanin Uber a 2022. Kuma ko wane ne ya kira ka ya ce daga sashen kwamfuta yake, don Allah kada ka karanta masa lambar manhajar.