Ranar da za ka buɗe wa wasu ƙofa

Ɗana, mahaifiyarka ta ce an tura ka makarantar tankokin yaƙi a barikin Obienu, nan Bauchi. Allah ya tsare. Tuƙi da harbi za su koya maka. Ni kuwa nawa ɗan guzuri ne, ka saurara.

A ranar 15 ga Afrilu 1945, sojojin Birtaniya na runduna ta 11 ta masu tankoki suka isa Bergen-Belsen, a arewacin Jamus. Sansanin gwale-gwale ne na 'yan Nazi. Suka tarar da mutane kusan 60,000, galibinsu Yahudawa, duk sun koma fata da ƙashi. Gawawwaki kimanin 13,000 na yashe a fili. Ga zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa.

Samarin nan masu tausayi ne. Suka kwance guzurinsu na soja suka miƙa. Kai ma da haka za ka yi, na san halinka tun kana rarrafe. Sai dai cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi lokaci guda. Wasu bayin Allah, abincin nan ne ya zama ajalinsu. Bayan an buɗe sansanin, kusan mutum 14,000 suka ƙara rasuwa, yawanci saboda cuta da yunwar da ta riga ta cinye su. Sai da likitoci suka koma ba su abinci mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne. A Afrilun 2015 sojojinmu suka fito da mata da 'yan mata 293 daga dajin Sambisa. Wata rana kai ne za ka tsaya a irin wannan ƙofa.

Ranar, ka sauko daga tanka. Ƙarar injin kaɗai tana firgita wanda ya daɗe a tsare. Ka sassauta murya, ka yi sallama. Ka ba da ruwa kurɓi-kurɓi, ka kira likita. Kada ka toshe hanci a gabansu, suna gani. Kada ka ɗauke su hoto da waya, 'ya'yan wasu ne.

Abin da idonka ya gani kuma, kada ka haɗiye shi kai kaɗai, yana hana barci. Idan ka samu hutu, ka zo gida GRA ka faɗa mini. Kawunka bai gaji da sauraro ba.