Darasi: Yadda Za Ki Buɗe Bakin 'Yarki a Darasin Harshe

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi 'ya'yanmu da ke koyon Larabci ko Faransanci a sakandare. Sai ki ga yarinya ta shekara uku tana cika littafi da nahawu, amma in baƙo daga Maraɗi ya gaishe ta da Faransanci, sai ta sunkuyar da kai. Alhali kuwa amfanin abin ado ɗaurawa.

Me ke jawo haka? Na farko, cunkoso. In ɗalibai 60 ne a aji, darasi kuma minti 40, ko malama ba ta ce uffan ba, kowace yarinya ba za ta samu minti ɗaya ba. Na biyu, tsoron dariyar ƙawaye. Abin lura, jarrabawar Faransanci ta WAEC tana da ɓangaren magana da baki, inda rubutu ba zai cece ta ba.

To, ga naki aikin, ko da ba kya jin harshen:

1. Ki zama ɗalibarta. Kuna tsince shinkafa, ki ce ta koya miki sunan gishiri, albasa da tukunya. In ta ji kin karya harshe kin yi dariyar kanki, tsoronta zai ragu.

2. Ki ware minti goma bayan Isha'i, ita da ƙanenta su yi wasan ciniki ko gaisuwar maƙwabta da harshen.

3. Ki hana yayyenta yi mata ba'a. A bari ta kai aya kafin a gyara mata. Da rarrafe yaro kan tashi.

4. A taron iyaye da malamai, ki roƙi a riƙa haɗa ɗalibai biyu-biyu suna hira. Minti goma kacal, kowace ta samu biyar.

5. Ki nuna mata amfanin abin. Nijar, Chadi, Kamaru da Binin duk ana aiki da Faransanci a cikinsu. Ki kuma ba ta labarin Zaidu ɗan Sabit (RA), wanda Manzon Allah (SAW) ya umarta ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu.

'Yar'uwa, kunya adon mace ce, amma ban da wurin neman ilimi. Ki soma yau da kalma uku.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, amin.