Fassarar Kalmomin Kimiyya: Na'urar Tattara Ƙwayoyin Lantarki

Kafin mai fassara ya raɗa wa abu suna, wajibi ne ya san yadda abin yake aiki. Ga misali daga kimiyyar fiziya.

A cikin tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ɗalibi a Bagudo zai iya tunawa, ƙwayoyin lantarki ne suke kwarara su bugi fuskarta, hoto ya fito. Da yake cajinsu iri ɗaya ne, korar juna suke yi, sai an tattara su.

A manyan ɗakunan bincike akwai na'urar tattarawa mai sandunan ƙarfe huɗu kewaye da hanyar ƙwayoyin. Biyu masu fuskantar juna suna jan su, sauran biyun suna korar su. Saboda haka na'ura guda takan matse kwararar ta sama da ƙasa, amma ta baza ta ta gefe. Sai an jera biyu, an musanya cajin ta biyun, sannan a sami tattarawa ta kowace fuska. Courant da Livingston da Snyder sun bayyana wannan ƙa'ida a Amurka a 1952, da maganaɗisu.

A Ingilishi sunanta ɗaya da gilashin tabarau. Wanda ya fassara ta da "gilashi" ya ɓatar da ɗalibi, domin babu gilashi a jikinta. Ni dai "matattari mai sanda huɗu" na fi so, bisa ƙirar mabuɗi da masassabi.

Aiki: Kawo wani suna, tare da hujjarka.