Amsoshin Tambayoyinku: Mece ce ma'anar "maikirokiristalin"?

Wani ɗalibi daga Zariya ya turo wannan tambaya.

Kalmar ta samo asali daga Girkanci: "mikros" na nufin ƙarami. Masana duwatsu kan siffanta dutse da ita idan ƙwayoyin kiristal ɗinsa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Gishiri kuwa ana ganin ƙwayarsa ƙuru-ƙuru.

Misalin dutsen maikirokiristalin shi ne ƙanƙarar ƙyastu: ƙananan ƙwayoyin ma'adinin kwaz ne cunkushe da juna, shi ya sa take fashewa da kaifi. In aka buga ta da ƙarfe, sai ta kankaro ɓurɓushinsa, ya kama wuta.