Darasi: Mu San Ƙwarin Tsotso Ta Launinsu

Jama'a, darasinmu na yau a kan wani dangin ƙwari ne da ba sa tauna, sai tsotso. Bakinsu kamar allura yake, a naɗe ƙarƙashin ƙirji. Yawancinsu suna wari in an taɓa su, kuma ƴaƴansu kan fito da kamannin iyayensu, sai dai ba fiffike. Mazaunin Assamaka yana gamuwa da su a ɗakin kwana, ko a garakan Arlit da Timiya, ko a gonarsa ta kudu in ya koma gida da damina. Launi ne ke fara nuna mana kowanne.

1. Ja mai duhu, mai faɗi, marar fiffike, tsawonsa kamar milimita 5: wannan shi ne gazunzumi, wato kuɗin cizo. Yana ɓuya cikin tabarma da katifa da jakar matafiyi, ya fito da dare ya sha jini. Cizonsa na kawo ƙaiƙayi da rashin barci, susa kuma na iya zama gyambo. Zafi mai tsanani na kashe shi. A wanke tufafi da tafasasshen ruwa, a ƙulle shimfiɗa cikin baƙar leda a ajiye a rana wuni guda.

2. Kore shar, mai siffar garkuwa, wajen milimita 15: yana tsotsar tumatir da wake. Inda ya soka sai ya yi tabo, ƙwayar waken ta motse.

3. Baƙi ƙarami mai ɗigon fari da ruwan lemo: abokin gaban shu ne, wato kabeji. Ganyen da ya tsotsa yakan yi fari-fari ya bushe, dashe kuma ya mutu.

4. Ja mai baƙin ɗigo a fiffike da farin zane a ciki: yana taruwa a kan kuɓewa da auduga da zangarniyar gero mai madara.

Amma a kula, launi kaɗai ba ya isa. Akwai wani ƙwaro mai kama da na huɗun nan ƙwarai, alhali shi ke farautarsa yana cinye shi. Ana gane shi da siririn kai da gajeren baki mai kauri, lanƙwasasshe. Wannan abokin manomi ne. Kada a kashe shi, kada kuma a kama shi da hannu, domin sukarsa na da zafi.

Maɓarnatan kuwa, a bi su da sassafe tun ba su yi kuzari ba, a kakkaɓe su cikin ruwan sabulu, a murje ƙwan da ke bayan ganye. Kafin a sayi maganin feshi, a kai ƙwaron cikin kwalba wurin malamin gona. Maganin gona kuma haɗari ne ga rai, kada a fesa shi a ɗakin kwana.

Tambaya: ta yaya za ka bambanta jan ƙwaron kuɓewa da wanda ke cinsa?